Juna Biyu a Gidan Burodi

Ranar da aka gaya wa Amarya suga ya kama ta, cikinta wata shida ne da 'yan kwanaki. Ta dawo daga awo da takarda a jaka, ta tarar an riga an shimfiɗa ledar cin abinci a falon sama. Farar shinkafa ce tuli guda a babban tire, ga miya a gefe, ga burodi uku masu zafi da aka cire daga na sayarwa don gefensu ya ƙone, ga kwalaben lemo suna zufa. Abincin gidan ke nan, yau da gobe da jibi.

Gidan bene ne, ƙasa gidan burodi, sama wurin kwana. Hajiya, uwar mijinta, ita ta kafa wurin da tanda ɗaya bayan rasuwar maigidanta. Yanzu tanda uku ne da ma'aikata goma sha biyu, kuma ko buhun fulawa ba ya motsi sai da saninta. Babban ɗanta, mijin Amarya, shi ke kula da motocin raba burodi, kowa Manaja yake ce masa. Ƙanwarsa Auta ita ke zama wurin sayarwa. Amarya kuwa ita ke yi wa kek ado, kuma hannunta ne ya sa masu biki suke yi wa gidan layi. Shekara huɗu da aurenta, amma har yau Amarya ake ce mata, tunda ba ta haifi wanda za a kira ta da sunansa ba.

Ta so ta bari sai sun shiga ɗaki ta nuna wa mijinta takardar, amma Hajiya ta lura cokali uku ta yi ta ajiye.

"Ke kuma lafiya? Ko girkin ne bai yi miki ba?"

"A'a Hajiya, ya yi daɗi. A asibiti ne suka ce in rage."

"Ki rage me?"

Dole ta fito da takardar. Auta ta fizge, ta gyara murya kamar mai karanta labarai a rediyo. A raba faranti, in ji takarda: rabi ganye, kashi ɗaya ƙwai ko kifi ko wake ko nama, shinkafa kuwa kada ta wuce dunƙulen hannu. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. A ɗan taka ƙafa bayan cin abinci. Ban da shayi mai suga, ban da lemon kwalba, ban da kek, ban da farin burodi.

Nan Auta ta tsaya, dariya ta ci ƙarfinta. "Umma kin ji, ban da burodi!"

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta goge hannunta a hankali.

"Burodin da ya yi wa mijinki karatu, ya gina benen da kike kwana a kai, yau shi ne guba?"

"Ba haka ba ne Hajiya. Malamar awo ta ce sugan da ya yi yawa a jinina wajen yaron yake tafiya, sai ya yi ta girma fiye da ƙima, ya wahala, ni ma ya wahalar da ni."

"To da so take ki haifo mana ɓera? Ƙaton jika nake so. Ki ci abinci, 'yar nan. Mu da muka haihu kafin a haifi malamar taki, ganye muka ci kamar awaki?"

Amarya ta dubi mijinta. Shi kuwa ya duƙufa yana ɓare ƙonannen gefen burodi kamar a nan rayuwarsa take. Sai da suka shiga ɗaki ya samu baki.

"Kin san halin Umma. Ki bi ta a hankali. Ki ci a gabanta, in kin shigo ɗaki sai ki yi naki tsarin."

"In na ci a gabanta, a ɗaki amayar da shi zan yi?"

"Ke dai ba kya rasa magana," ya ce, ya ɗauki makullin mota ya sauka.

A siton ƙasa kiret-kiret na ƙwai ne a jere har kusa da rufi, makullin kuma yana cikin jakar Hajiya. Amarya ta durƙusa ta roƙi a riƙa ba ta biyu kullum da safe. Hajiya ta ce ƙwan kek ne, yau in ta ba ta, gobe ma'aikata ma za su miƙo hannu. Ta roƙi izinin ɗora ƙaramar tukunya a gefe, Hajiya ta ce gidanta tukunya ɗaya ake yi tun kafin a san za a haifi Amarya, ba kuma za a raba mata gida a kan takardar asibiti ba.

Sau ɗaya Manaja ya yi abin kai. Ya shigo da baƙar leda a ɓoye a ƙarƙashin kwalin kek: ƙwai, kabeji, karas da kifi. Ranar Amarya har hawaye ta yi don daɗi. Firji ɗaya ne a gidan, babba, a ƙasa wurin aiki, sai ta cusa ledar can bayan kwalayen bota. Washegari da hantsi ta sauko ta tarar da ɓawon ƙwanta a kwandon shara, an fasa su cikin kwaɓin kek. Kifin kuma ya shiga miyar gida.

Hajiya ba ta yi mata magana ba. Ɗanta ta kira, ta zauna a kan buhun suga tana share ido da gefen mayafi.

"Yanzu ni ake yi wa ɓoye-ɓoye a gidana? Ni da na tsaya gaban wuta shekara ashirin don kada ku yi maraici? Ba komai. Na gode."

Manaja ya durƙusa yana ba da haƙuri har gwiwar wandonsa ta yi fari da fulawa. Daga ranar bai sake shigo da ko albasa ba.

Sai Amarya ta shiga gaba kura baya sayaki. In ta ci abin da aka ajiye, bayan awa guda sai jikinta ya yi nauyi kamar an jiƙa katifa, idonta ya riƙa gani hazo-hazo, ƙishirwa ta busar mata da maƙogwaro. In ta ƙi ci, jiri ya ɗebe ta, hannunta ya riƙa rawa har layin adon kek ya karkace. Banɗaki a sama yake, ita kuma a ƙasa take yini, sai ta hau matakalar nan sau goma sha biyar kafin la'asar, tana dafa bango. Auta ta sa mata suna Mai Sintiri.

Ga kuma ɗanɗano. Duk kirim ɗin da aka haɗa sai an ɗanɗana kafin ya hau kek, a yini kuma akan haɗa shida ko bakwai, rabinsa suga ne zalla. Ta roƙi Auta ta riƙa ɗanɗana mata. Auta ta ce ita harshenta na talakawa ne, bai san bambanci ba. Wata rana Amarya ta yi shahada ta shafa kirim ba ta ɗanɗana ba, aka yi rashin sa'a gishiri ya ɗan yi yawa, mai kek ta bugo waya tana ƙorafi.

Washegari Hajiya ta zo da kanta ta tsaya a kan teburin ado. Ma'aikata suna ta murza kwaɓi, amma kunnuwansu na nan. Ta cika cokali da kirim ta miƙo.

"Buɗe baki."

"Hajiya don Allah..."

"Sunan gidana ba zai ɓaci a kan iyayinki ba. Buɗe baki na ce."

Ta buɗe. Tun daga ranar duk haɗin da aka yi Hajiya ke zuwa da cokalinta, kuma ba ta taɓa kawo shi rabi ba.

Da aka koma awo, malamar ta dubi sakamakon gwaji ta ajiye biro.

"Ke ba yarinya ba ce. Kwaɗayi ne ko taurin kai? Bakin rijiya fa ba wurin wasa ba ne. Na ba ki takarda, na yi miki bayani, kullum kuma abin sama yake yi."

Amarya ta yi niyyar cewa za ta gyara, kamar yadda ta ce wancan zuwan. Sai kawai kuka ya ƙwace mata. Malamar awo dattijuwa ce, ta ga irin wannan kukan ba sau ɗaya ba. Ta tashi ta tura ƙofa, ta dawo ta zauna kusa da ita.

"Wa ke riƙe da tukunya a gidanku?"

Da ta ji amsa sai ta ce, "Ki zo min da mijinki."

Sai da aka yi sati biyu kafin ya samu sarari. Ya zo cikin shiga mai kyau yana ƙamshin turare, da ledar burodi mai zafi ya kawo wa ma'aikatan asibiti tsaraba. Likita ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce da an bi tsarin abinci tun farko, da wataƙila ya wadatar, amma yanzu sai an haɗa da allura safe da yamma, kuma maganin ba ya son zafi, a ajiye shi wuri mai sanyi. Ta ce allurar ma ba za ta yi aiki ita kaɗai ba in ba a gyara abinci ba. Manaja ya yi ta gyaɗa kai. "Ƙwarai kuwa, Likita. In sha Allahu za a kiyaye. Ai lafiya ita ce gaba da komai."

Suna shiga mota fuskarsa ta canza.

"Kin kyauta. Kin je kin tona mana asiri wajen bare, an mai da uwata muguwa."

"Ban ce muguwa ce ba. Tambaya ta aka yi."

"Kuma ba ki iya cewa lafiya lau ba?"

Maganin ya kwana biyu a firji kafin Hajiya ta gan shi. Ta ɗauko shi da yatsu biyu kamar ta tsinci mataccen ƙadangare.

"Allura a inda nake ajiye bota? In masu duba tsafta suka shigo, wa za a rufe wa wuri, ni ko likitarki? Kwashe min tarkacenki ki kai ɗakinki."

Ɗakinsu kuwa daidai saman babbar tanda yake. Da rana ko ƙafa ba a iya ajiyewa a simintin sai da takalmi. Ta riƙa naɗe maganin cikin jiƙaƙƙen tsumma tana ajiyewa a bakin taga, kafin azahar tsumman ya bushe ƙarau. Ta yi wa Manaja maganar ɗan ƙaramin firji, ya ce zai duba. Ta sake yi, ya ce ai ya ce zai duba. Ta ci gaba da tsira wa kanta allurar da ita ma ba ta san ko tana da sauran amfani ba.

A wata na takwas ƙafafunta suka kumbura har takalmin Manaja take sawa. Cikin ya yi girman da masu sayen burodi ke tambaya ko 'yan biyu ne. Hajiya kuwa sai ta washe baki ta ce, "Guda ɗaya ne, irin gidanmu ne. Ciyarwa ce."

A lokacin ne yayar Amarya ta zo. Malamar makaranta ce, a wancan gefen gari take aure. Ta zo da kula cike da dafaffen wake da ganye da kifi, ta ce kullum za ta riƙa aikowa. Hajiya ta karɓe ta da fara'a, aka gaisa, aka tambayi yara. Sannan ta buɗe kular ta leƙa, ta mayar da murfin.

"Ashe yunwa muke kashe ta da ita ban sani ba. Har sai an yo mana agaji daga waje."

"Wallahi Hajiya ba raini ba ne. Magani ne. Ki yi haƙuri ki bar ta ta ci, saura 'yan makonni."

"'Yar nan, takwas na haifa. Shayi da burodi da shinkafa na ci, kowannensu ƙato ya zo, sai da ungozoma ta yi gumi. Biyar suka tsaya, uku Allah ya karɓi abinsa ranar haihuwa. Ban je na ɗora wa abincin kowa laifi ba."

Yaya ta juyo ta dubi ƙanwarta, ƙanwar ta sunkuyar da kai.

Da za ta tafi, da kularta a hannu ba a taɓa ba, ta tare Manaja a bakin mota ta roƙe shi ya bar Amarya ta koma gidanta har ta haihu. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba shi da matsala, amma me mutane za su ce? Gobe sai a ce gidansu ba a iya riƙe mace. Yaya ta ja Amarya gefe.

"Ɗauko mayafinki mu tafi. In ya so a yi duk wadda za a yi."

Amarya ta tuna shekara huɗun da ta yi tana jiran cikin nan, ta tuna irin kallon da za a yi mata in aka ce ta yi yaji da tsohon ciki a kan abinci. Ta ce, "Yaya ki bari. An ci da yawa, saura kaɗan. In na haihu komai zai wuce."

Saura sati uku lissafinta ya cika aka yi mata hoton ciki. Likita ta daɗe tana kallon allon. Ta ce yaron ya yi girma sosai, ruwa ya yi yawa, kuma suga bai sauka ba, barinsa a ciki ya fi fito da shi haɗari. Ta ce ranar Laraba Amarya ta zo da kayanta, za a kwantar da ita a yi mata aiki.

Ranar Asabar ɗin makon kuwa bikin 'yar mai otal ne, mutumin da ya fi kowa ɗaukar burodi a gidan. Kek mai hawa biyar ya ce a yi, da furanni tun daga sama har ƙasa, kuma ya ce hannun Amarya yake so.

"Haihuwa ake sa wa rana kamar ɗaurin aure?" in ji Hajiya. "Kuma da wuƙa? Su dai sun ga mace mai tsoro sun samu nama. Ki gama wa mutane aikinsu, in naƙuda ta zo ai ba sai an gaya miki ba."

A wannan karon Amarya ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce ita Laraba za ta tafi ko a ƙafa. Gidan ya ɗauki zafi, Hajiya ta ƙi cin abinci, ta ce hawan jininta ya tashi. Ranar Talata da yamma Manaja ya shigo ɗaki da murmushi, ya zauna a bakin gado ya kama hannunta.

"An samu mafita. Na kira likitarki mun yi magana. Ta ce Laraba da Litinin duk ɗaya ne, kwana biyar ba komai ba ne. Litinin da sassafe ni da kaina zan kai ki."

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Yanzu ƙarya zan yi miki a kan ɗana?"

Ta yarda. Ta mayar da jakar haihuwa bayan ƙofa.

Laraba da Alhamis a tsaye ta yi su, tana matsa furanni ɗaya bayan ɗaya, cikinta na gogar bakin tebur. Yaron da ya saba harbinta har sai ta dafa, ranar Alhamis sau biyu kawai ta ji shi, shi ma a kasalance. Ranar Juma'a da safe ba ta ji komai ba. Ta dafa nan, ta danna can. Shiru.

"Hajiya, tun jiya da yamma bai motsa ba."

"Ƙoshi ne, barci yake. Ungo lemo mai sanyi ki sha, yanzu zai tashi."

Ba wanda ya tilasta mata wannan. Da hannunta ta karɓa ta shanye tas, ta zauna a kan kujera tana jira, hannu biyu a kan ciki. Minti talatin, shiru. Ta samu Manaja a waje yana loda mota.

"Ka kai ni asibiti."

"Motocin duk sun fita, wannan ma yanzu za ta tashi. Ki ƙarasa hawan ƙarshe, da la'asar sai mu leƙa."

Ta koma ciki ta ɗauki robar matsa kirim, ta yi fure ɗaya, ta yi na biyu. Sai ta ajiye, ta bi ta gaban tanda, ta wuce Auta, ta fita titi da rigar aiki a jikinta. Tana jin muryar Hajiya a bayanta tana cewa wa za ta bar wa kek rabi. Ta tare tasi ta shiga.

Malamar awo ta shafa mata mai a ciki, ta ɗora abin sauraron bugun zuciya. Ta matsar da shi dama, ta matsar hagu, ta sauko ƙasa. Ta ce bari ta kira likita, wataƙila na'urar ce. Likita ta zo ta kunna allon hoto, ta duba, ta sake dubawa, sannan ta kashe.

"Me ya hana ki zuwa Laraba? Mun jira ki. An yi ta kiran lambar maigidanki ba a ɗauka ba."

"Ya ce ya kira ki. Ya ce kin ce Litinin."

Likita da malamar awo suka dubi juna. Nan Amarya ta gane ba a yi wayar ba.

A ranar aka yi aikin da Hajiya ta ce ba za a yi ba. Namiji ne, kilo biyar saura kaɗan. Da ta farfaɗo ta roƙa aka kawo mata shi a naɗe cikin farin zane. Kumatu cike, gashi kwance luf, goshin ubansa sak. Ta riƙe shi har sai da malamar awo ta ce, "'Yata, kawo shi haka nan."

Kwana biyar aka sallame ta. Tana kwance a ɗakin nan mai zafi, ƙirjinta ya cika da nonon da babu mai sha, tana jin masu zuwa jaje a falo. Duk wadda ta shigo, karatu ɗaya Hajiya ke yi mata.

"Ƙato, tubarkalla, ba ki ga yaro ba. Amma ina zai rayu? Uwar ta hana kanta abinci, sai tsire-tsiren allura safe da yamma. Na yi magana har bakina ya gaji. 'Ya'yan yanzu likita suka sani, ba su san babba ba. Ko kek ɗin mutane rabi ta bar min, sai Auta ce ta rufa mana asiri."

Matan su ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, wasu su ƙara da cewa ai Hajiya ta yi ƙoƙari.

Sau ɗaya ta tambayi Manaja zancen wayar. Yana kallon silin ya ba ta amsa.

"Na yi niyyar kira. Abubuwa ne suka yi min yawa, ga Umma ba lafiya, ga ki kin tayar da hankali. So na yi a samu zaman lafiya. Kuma ko na kira, abin da Allah ya rubuta ai sai ya faru. Kada ki zama mai jayayya da ƙaddara."

Bayan sati shida ta koma aka sake gwada jininta. Malamar awo ta ce suga ya sauka, ya koma daidai. Ta ce irin wannan ciki ne ke kawo shi, in cikin ya tafi yawanci shi ma sai ya tafi. Amma ta kula, in ta sake samun wani cikin zai iya dawowa, a fara awo da wuri, a kama abinci tun ranar farko.

Manaja ne ya kawo labarin falo da murnarsa, yana ganin ya zo da abin da zai wanke zukata. "Umma, albishirinki, an ce ta warke. Babu suga ko kaɗan."

Hajiya ta tafa hannu.

"Ban faɗa muku ba? Ciwon suga ne ke warkewa a sati shida? Ƙanwar babanku shekara nawa ta yi da shi har ya kai ta kabari? Da ma babu wani ciwo. Iyayi ne, iyayin kuma ya cinye min jika." Ta juyo wajen Amarya, muryarta ta yi laushi kamar mai yin alheri. "Ba komai, na yafe. Litinin ki sauko aiki, zaman ya isa haka. In Allah ya kawo wani rabon kuma ni zan riƙe ki da kaina. Ƙafarki ba za ta sake taka wurin awon nan ba."

Amarya ta dubi mijinta. Yana duba wayarsa.

Washegari da hantsi Yaya ta zo da tasi. Akwati ɗaya Amarya ta haɗa. Tana kan matakala, hannu ɗaya a bango ɗaya a kan ɗinkin mararta, Manaja ya hawo da gudu ya tare hanya. Ba fushi a fuskarsa, mamaki ne tsantsa, irin na mutumin da aka zalunta.

"Wai me aka yi miki? Ki faɗa min. Na taɓa ɗaga miki hannu? An taɓa zagin iyayenki? Shekara huɗu a gidan nan, an taɓa barin ki da yunwa ko na yini ɗaya?"

Ta tsaya ta yi tunani da gaske, don ba ta so ta yi masa ƙarya.

"A'a," ta ce. "Ba ku taɓa bari na da yunwa ba."

Ya matsa, ta wuce.

Babu wanda ya je bikonta sai bayan wata biyu, da masu biki suka fara tambayar ina mai adon nan. Ba ta dawo ba. Ciniki bai tsaya ba, tanda uku na nan suna ci, Hajiya ta samu wata mai adon ta ɗauka aiki. A unguwar kuwa har yau in zancen ya taso, ba a cewa an kashe yaro a gidan nan da cokali da kalmar a yi haƙuri. Cewa ake wata ce Allah ya kai ta gidan daula, ci da sha sai ta ture, ta yi sakaci da cikinta, sannan ta sa ƙafa ta shure arziki. Iyaye mata har misali suke yi wa 'ya'yansu da ita.